Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa: shirun ɗaliban Sin a ƙasashen waje da ranar da suka yi magana

Tambaya: Malam, ina karatun digiri na biyu a Ingila, kuma kusan rabin ajinmu 'yan ƙasar Sin ne. Mutanen kirki ne, amma da zarar an taɓo zancen Musulmin Uighur, ko Hong Kong, ko gwamnatinsu, sai kowa ya ja bakinsa ya tsuke, wasu ma su hau kare gwamnatin. Ga su kuma a ƙasar da ba mai kama su. Tsoro ne, ko an wanke musu ƙwaƙwalwa ne, ko kuwa ba ruwansu ne kawai?

Amsa: Ƙanena, duka ukun da ka lissafa akwai su a cikin ajin naku, wani lokaci ma a cikin mutum ɗaya. Amma bari in fara da inda tambayar ta ɗan zame, wato batun "ƙasar da ba mai kama su". Gangar jikin ɗalibin ce kawai ke Ingila. Uwarsa da ubansa, gidan da suke ciki, aikin uban, fanshon uwar, da fasfon da ke aljihunsa wanda dole wata rana ya je a sabunta masa, duk suna hannun hukumar da kake so ya soka. Shi ne ɗan kuka, ana jifansa a sami uwarsa. In ka riƙe wannan, mafi yawan abin da kake gani zai fito maka fili.

Ka kuma sani cewa ba banza mahukuntan Beijing ke sa wa waɗannan yara ido ba. Tarihin ƙasar ne ya koya musu. Tun a 1872 daular Qing ta fara tura yara maza karatu Amurka, har suka kai 120, amma a 1881 ta kira su gida gaba ɗaya, don an ga sun fara ɗaukar ɗabi'un can, wasu har sun datse doguwar jelar gashin nan da ke nuna biyayya ga sarki. A 1905, a Tokyo, ɗan gwagwarmaya Sun Yat-sen ya kafa ƙungiyar Tongmenghui mai neman kifar da daular, kuma ɗaliban da ke karatu a Japan ne ƙashin bayanta. Shekara shida bayan haka juyin juya hali ya tashi, daular ta faɗi. A 1919 ɗalibai da ma'aikata 'yan Sin a Paris suka kewaye masaukin shugaban tawagar ƙasarsu don kada ya sa hannu a yarjejeniyar Versailles, wadda ta miƙa wa Japan iko da yankin Shandong, kuma Sin ba ta sa hannun ba. Su kansu manyan jam'iyyar Kwaminisanci ta wannan ƙofa suka fito: Zhou Enlai da Deng Xiaoping duk a Faransa suka ƙware a siyasa. Deng yana da shekara 16 ya sauka can a 1920, ya yi leburanci a masana'antu, har da na Renault. Wanda ya shigo gida ta taga ya fi kowa sanin amfanin kulle ta. Shi ya sa a 2015 shugaban Sin Xi Jinping ya faɗa a fili, a babban taron sashen jam'iyya mai kula da jan hankalin waɗanda ba 'yan jam'iyya ba, cewa ɗaliban da ke waje su ne sabon fagen aikinsu.

Mutane da yawa suna auna ɗaliban yau da na 1989, sai su ga na yau ragwaye ne. Wannan awo ba daidai ba ne, ga kuma dalili. Bayan sojoji sun buɗe wuta kan masu zanga-zangar neman dimokuraɗiyya a Beijing daren 3 zuwa 4 ga Yuni na 1989, ɗaliban Sin a waje suka fito da fuskokinsu a buɗe, da sunayensu na gaskiya, suka cika ƙofofin ofisoshin jakadanci. A ƙarshen Yuli suka taru a Chicago suka kafa ƙungiya mai zaman kanta ta ɗalibai da masana, suka koyi bin ofisoshin 'yan majalisar Amurka kamar waɗanda aka haifa a cikin sana'ar. Shugaba Bush babba ya hau kujerar na-ƙi kan ƙudirin da 'yar majalisa Nancy Pelosi ta kawo don kare su, amma a Afrilun 1990 ya ba da umarnin kada a mayar da su, kuma a 1992 aka yi dokar da ta ba fiye da mutum 50,000 izinin zama na dindindin. A Ostiraliya Firaminista Bob Hawke ya yi kuka a bainar jama'a yana karanta labarin kisan, ya ce su zauna, daga bisani kimanin 42,000 suka sami izinin zama.

To ka lura da abin da ya ba su bakin magana. Ƙasashen da suke ciki sun buɗe musu ƙofa, Sin ta lokacin matalauciya ce wadda ba wani abin kirki ke jiransu a cikinta ba, kuma babu wayar hannu balle kyamarar da za ta ɗauki fuskarka yau, gobe hoton ya isa ofishin 'yan sandan unguwarku. Sun yi jarunta, ba musu. Amma suna da wurin faɗawa. Kuma wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne, bayan takardun zama sun fito sai yawancinsu suka koma neman na tuwo, ƙungiyoyin 'yan gudun hijira kuma suka dare gida-gida saboda rigimar shugabanci da zargin juna da leƙen asiri. Waɗanda suka dage sun ɗanɗana kuɗarsu. Wang Bingzhang, likitan da ya gama digirin digirgir a Kanada ya kafa mujallar 'yan adawa a New York tun 1982, an sace shi a Vietnam a 2002, aka yanke masa ɗaurin rai-da-rai a 2003.

Ɗalibin da ke ajinku wani mutum ne daban. Na farko, suna da yawa ƙwarai: a zangon karatu na 2019 zuwa 2020 sun haura 370,000 a Amurka kaɗai, ko da yake sun sauko zuwa kimanin 277,000 a zangon 2023 zuwa 2024. Na biyu, yawanci iyayensu ne ke biyan kuɗin, kuma da niyyar komawa gida suka zo. Yawancinsu an haife su ne ƙarƙashin dokar haihuwar ɗa ɗaya, wato shi kaɗai ne wurin uwa da uba, wataƙila ma shi kaɗai ne jikan kakanni huɗu. An tattara ajiyar shekara ashirin an zuba a kansa. Ka sa kanka a matsayinsa. Wane irin ɗa ne zai ɗaga kwali na minti goma, a kori ubansa daga aiki yana dab da ritaya?

Kuma ba sai an kama kowa ba. Misali ɗaya ko biyu sun isa, labari zai yi sauran aikin. A Afrilun 2008, lokacin rigimar Tibet da yawon fitilar Olamfik, wata ɗaliba 'yar shekarar farko a Jami'ar Duke ta Amurka, Grace Wang, ta shiga tsakanin 'yan tsirarun masu goyon bayan Tibet da ɗaruruwan 'yan ƙasarta masu tutoci, tana neman su saurari juna. Kafin gari ya waye hotonta ya cika intanet an rubuta mata maciya amanar ƙasa, an watsa lambar katin shaidarta da adireshin iyayenta a birnin Qingdao. Aka je aka zuba ƙazanta a ƙofar gidan, iyayen suka ɓuya. Ba 'yan sanda suka yi mata wannan ba, 'yan'uwanta ne. A 2019 kuma wani ɗalibin Jami'ar Minnesota, Luo Daiqing, ya koma hutu garinsu Wuhan aka kama shi, aka ɗaure shi wata shida saboda hotunan barkwanci da ya sa a Twitter yana Amurka, waɗanda aka ce cin mutuncin shugaban ƙasa ne. Hong Kong ma tun 2020 tana da dokar tsaro da ta ce tana hawa kan mutum ko a ina ya yi laifin, kuma a 2023 an ɗaure wata ɗaliba wata biyu kan rubuce-rubucen da yawancinsu tana Japan ta yi su.

Abin da ya fi yawa dai bai kai ga kurkuku ba. Sinawa suna ce masa "shan shayi": 'yan sanda su gayyaci mutum, ko uban mutum, a zauna cikin ladabi. Sai ɗalibin ya ga kiran babansa a WeChat a lokacin da ba su saba waya ba. Uban ba zai yi faɗa ba. Zai ce masa ya mai da hankali ga karatu, ya daina shiga abin da ba ruwansa, wasu baƙi sun zo gida. Wani lokaci baƙin suna zaune a gefe ana wayar. Ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto a Mayun 2024 bayan ta zanta da ɗalibai 32 a ƙasashe takwas na Turai da Arewacin Amurka, kuma kusan ɗaya cikin uku sun ce an matsa wa danginsu a gida saboda abin da suka yi a waje. Adadin ba shi da yawa, kuma waɗanda suka yarda su yi magana da irin wannan ƙungiya dama masu ƙorafi ne, don haka kada ka ɗauke shi ma'aunin kowa. Abin da yake nunawa shi ne hanyar da abin ke bi.

Shirun cikin aji kuwa, ba kai suke tsoro ba, ba kuma malamin ba. Na kusa da su suke tsoro. Babu wanda ya san wane ne zai kai rahoto, kuma rashin sanin ya fi komai aiki. A kusan kowace babbar jami'a akwai reshen ƙungiyar ɗalibai da masana 'yan Sin da ake kira CSSA. Yawancin aikinta na zumunci ne: tarbar sababbi a filin jirgi, neman ɗaki, bikin sabuwar shekara. Amma rassa da dama suna karɓar kuɗi da shawara daga ofishin jakadanci, kuma su ake tattarowa in shugaba zai kawo ziyara. A 2019 ƙungiyar ɗaliban Jami'ar McMaster ta Kanada ta soke rajistar reshen can bayan an ɗauki bidiyon laccar wata 'yar fafutukar Uighur an kuma sanar da jami'an jakadanci. A Boston, wani ɗalibin makarantar kiɗa ta Berklee mai suna Wu Xiaolei ya yi wa wata barazanar sare mata hannu don ta liƙa takardar neman 'yanci a 2022, ya ce kuma ya riga ya kai ƙarar ta wurin jami'an tsaro a gida. Kotun Amurka ta ɗaure shi wata tara a 2024. Irin wannan hukunci ba kasafai ake ganinsa ba.

Tunda Musulmin Uighur ka fara ambata, su nasu ya wuce duk wannan. Ɗan ƙabilar Han, wato mafi rinjaye a Sin, sai ya yi magana ake taɓa shi. Ɗan Uighur kuwa fitarsa waje kaɗai ta isa laifi. A 2017 hukumomin Xinjiang, yankin 'yan Uighur, suka umarci ɗalibansu da ke waje su dawo, aka riƙe iyayen wasu don su zo. A watan Yulin shekarar 'yan sandan Masar suka bi gidajen abinci da masaukai a Alƙahira suna kame su, da yawansu ɗaliban Azhar ne, irin waɗanda 'yan'uwanmu masu karatu a can suka zauna aji ɗaya da su. An mayar da wasu Sin. Waɗanda suka tsira da yawa sun yi shekaru ba su ji muryar iyayensu ba, domin kiran waya daga waje ma kan jefa mai ɗauka cikin masifa.

Sai dai in na ce maka tsoro ne kawai, na yi maka ƙarya. Akwai masu kare gwamnatin da zuciya ɗaya. Bayan 1989 jam'iyya ta sake fasalin darasin tarihi a makarantu, aka gina shi kan "ƙarnin wulaƙanci", daga yaƙin da Birtaniya ta yi da Sin kan cinikin ƙwayar ofiyom a 1839 har zuwa 1949, da yadda jam'iyyar ta tsamo ƙasar. Kuma wulaƙancin ya faru da gaske, haka ma ci gaban. Yaron da kakarsa ta ga yunwa, shi kuma ya tashi yana hawa jirgin ƙasa mai gudun kilomita 300 a awa, ba sai an wanke masa ƙwaƙwalwa ba kafin ya yi alfahari. Fitowa waje ma ba ta nufin ya fita daga duniyar labaran gida, don WeChat da sauran manhajojin da ake tacewa suna nan a wayarsa. Wasu masana biyu, Yuyu Chen da David Yang, sun raba wa ɗalibai a Beijing manhajar tsallake katangar intanet kyauta, cikin wani gwaji da ya ƙunshi mutum kimanin 1,800. Kusan ba wanda ya je neman labaran da aka toshe, sai da aka ƙarfafa musu gwiwa da ɗan tukuici. Waɗanda suka ɗanɗana kuwa suka ci gaba da karantawa, ra'ayinsu ya sauya. Wato wanda bai san an ɓoye masa abu ba, ba ya nema.

Binciken da na fi so ka riƙe shi ne wanda Jennifer Pan ta Jami'ar Stanford da abokan aikinta suka yi a 2020 kan ɗaruruwan sababbin ɗaliban Sin a Amurka. Sun gano cewa waɗannan yara sun fi takwarorinsu na gida sha'awar 'yanci tun daga farko. In aka nuna musu suka mai ma'ana kan yadda gwamnatinsu ta tafiyar da annobar korona, hakan ba ya tura su ga kare ta. Amma in aka haɗa sukar da zagin Sinawa a matsayin jinsi, sai goyon bayansu ga mulkin kama-karya ya ƙaru, kuma waɗanda suka fi juyawa su ne waɗanda da farko ba su da zafin kishin ƙasa. Mu ma mun san wannan a jikinmu. Kana iya zagin gwamnatinka tun safe har dare, amma bari baƙo ya ce duk 'yan ƙasarku ɓarayi ne, ka ga yadda za ka miƙe. Ɗalibin da aka tofa wa yawu a titi aka kira shi ƙwayar cuta, ko aka soke masa biza ana zarginsa da leƙen asiri, ya ga duk abin da aka faɗa masa a makaranta game da Turawa ya tabbata.

Duk da haka akwai ranar da tura ta kai bango. A 2018, da aka cire wa'adin shugabanci daga kundin tsarin mulki, an ga takardu a allunan jami'o'in waje ɗauke da hoton Xi an rubuta "ba shugabana ba ne", masu liƙawa kuma da dare suke yi, fuska a rufe. Abin bai yi nisa ba. Babban ya zo a 2022, lokacin tsananin kullen korona. Ranar 13 ga Oktoba, kwana uku kafin babban taron jam'iyya, wani mutum da aka bayyana da suna Peng Lifa ya hau gadar Sitong a Beijing sanye da kayan lebura da hular kwano, ya kunna wuta don hayaƙi ya ja ido, ya rataya ƙyalle biyu. Ɗaya na cewa abinci muke so ba gwajin korona ba, 'yanci ba kulle ba, mutunci ba ƙarya ba, gyara ba juyin al'adu ba (wato hargitsin zamanin Shugaba Mao), ƙuri'a ba jagora ba, mu 'yan ƙasa ne ba bayi ba. Nan take aka tafi da shi, aka share duk wata alamarsa daga intanet ɗin gida. Ɗaliban waje ne suka rayar da kalmomin. Suka buga su a takarda suka liƙa a jikin turakun fitila da tashoshin bas da allunan sanarwa, daga Landan zuwa Tokyo, suna aika hotunan zuwa shafukan Instagram da ba a san masu su ba. Wani ya liƙa, wani ya yage, na farko ya dawo ya sake liƙawa. Ɗalibi da yawa a nan ya fara gane cewa ashe ba shi kaɗai ba ne a makarantar.

Sai gobarar Urumqi, babban birnin Xinjiang, ranar 24 ga Nuwamba, a wani bene da ke yankin da aka daɗe da kullewa. Hukuma ta ce mutum 10 suka mutu, jama'a kuma suka yi imanin shingayen kulle ne suka hana ceto. A Shanghai mutane suka taru a titin da ke ɗauke da sunan Urumqi, aka ji abin da ba a ji ba shekaru da dama: ana kiran Xi Jinping da jam'iyya su sauka. A waje kuwa aka yi tarukan juyayi a Jami'ar Columbia, da ƙofar ofishin jakadanci a Landan, da Paris, da Sydney, da Tokyo. Ka dubi hotunan da kyau. Takunkumi a fuska, hula an ja ta har gira, wasu da baƙin tabarau da daddare, kyandir a ƙasa, hannu riƙe da farar takarda da ba a rubuta komai a kai ba. Mutum ya tsaya kusa da wani awa biyu suna rera taken guda, su rabu ba wanda ya tambayi sunan wani. Mata matasa sun yi yawa a sahun gaba. Bidiyoyin da ake gogewa a gida kuma ana turo su ne ga wani mai zane da ya je karatu Italiya, Li Ying, wanda aka fi sani da Malam Li, shi kuma ya sa su a Twitter, mutanen gida su tsallaka katanga su gani. 'Yan sanda sun yi ta zarya gidan iyayensa.

Me ya sa a wannan karo suka fito, alhali sansanonin da aka tsare 'yan Uighur a Xinjiang da murƙushe Hong Kong ba su fito da su ba? A ganina, don wannan karo wutar ta kama gemunsu ne. Iyayensu ne aka kulle wata biyu a Shanghai suna neman abinci, su ne suka yi shekara biyu ko uku ba su iya zuwa gida ba saboda soke jirage da tsadar tikiti. Wasu 'yan Uighur da suka halarci tarukan sun faɗi wannan a fili, cewa mutanensu ne suka ƙone, kuma sun yi shekaru suna kuka ba wanda ya waiwaya. An sami ɗaliban Han da suka karɓi lasifika suka nemi gafara. An kuma sami waɗanda suka ce a tsaya kan batun kulle kawai, kada a sako zancen ɓallewa. Wannan ɓaraka tana nan har yau.

Ranar 7 ga Disamba gwamnati ta sassauta dokokin korona, sannan ta bi masu zanga-zangar gida ɗaya-ɗaya a asirce. Ba zan ce maka ɗaliban waje ne suka jawo sassaucin ba, domin tattalin arziki ya riga ya galabaita, cutar kuma ta fi ƙarfin kulle. Ba su kuma kafa wata babbar ƙungiya irin ta 1989 ba, da gangan, don sun ga cewa ƙungiya mai shugaba da rajistar mambobi ita ta fi sauƙin kutsawa. Abin da ya rage ƙanana ne: zauren karatu na mutum goma, dandalin barkwanci na mata a New York inda ake faɗin abin da ba a faɗa a gida, taron tunawa duk Nuwamba da duk 4 ga Yuni, da shagunan littattafai irin Jifeng, wanda aka tilasta wa rufewa a Shanghai a 2018 ya sake buɗewa a Washington a 2024. Mafi yawa kuma sun zaɓi hanyar da suke kira da wasa "ilmin gudu", wato a nemi aiki a waje a ƙi komawa, ba tare da an ce wa kowa komai ba.

Game da abokan ajinka, kada ka yi wa ɗayansu irin wannan tambaya a gaban sauran 'yan ƙasarsa. Amsar da za ka samu ta masu sauraro ce, ba taka ba. Kada ka tura masa komai na siyasa ta WeChat, kada ka sa hotonsa ko sunansa a shafinka in kun haɗu a wani taro. In kuna aikin rukuni kan batu mai zafi ya ce a cire sunansa, a cire, ba sai ya yi bayani ba. Ka gayyace shi cin abinci ku biyu, ka fara ba shi labarin abin da ke damunka game da taka ƙasar, sannan ka tambaye shi yadda iyayensa suka yi a lokacin kulle na 2022.